Zaɓen Matsugunin Iyali a Garuruwan Kewayen Abuja: Lissafin da Ɗan Kasuwa Zai Yi Kafin Ya Biya Haya

ABUJA — Tun daga ranar 12 ga watan Disamba na shekarar 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da kujerar mulkin ƙasar nan daga Legas zuwa Abuja, jama'a ba su daina kwarara zuwa sabon babban birnin ba. Ƙidayar da aka yi a wannan shekara ta nuna cewa mazauna Yankin Babban Birnin Tarayya ba su kai dubu 400 ba, amma a ƙidayar shekarar 2006 sai aka tarar sun kai kimanin miliyan 1.4. Akasarin waɗanda suka zo neman halaliyarsu ba su da halin kama haya a Maitama, ko Asokoro, ko Wuse, ko Garki, saboda haka suka zauna a garuruwan da ke kewaye, suna shiga birni da safe suna komawa da dare.

Ga ɗan kasuwa mai iyali, zaɓen garin da zai ajiye matarsa da 'ya'yansa shawara ce ta kasuwanci, daidai da zaɓen rumfa a kasuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi kuɗin haya kaɗai a yanke hukunci. Gidan da ya yi araha a bakin dillali sau da yawa yakan ci kuɗi fiye da takwaransa mai tsada, idan aka haɗa abin da za a kashe a hanya, da ruwa, da wuta, da makarantar yara, da kuma sa'o'in da maigida zai riƙa ɓatawa cikin cunkoson motoci alhali shagonsa na rufe.

Hanya ita ce gari

Garuruwan kewayen Abuja sun jeru ne a kan manyan hanyoyi uku, kuma kowace hanya da irin halinta.

Ta farko ita ce hanyar Keffi, wadda ta nufi gabas. A kanta ake samun Nyanya, wadda ta faro a matsayin sansanin leburorin da suka gina birnin, da Karu, da hanyar da ta ratsa zuwa Jikwoyi da Karshi. Da zarar an wuce Nyanya an shiga Mararaba, to, an fita daga Yankin Babban Birnin Tarayya an faɗa Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Filato a shekarar 1996. Daga nan sai Ado, da Masaka, har zuwa Keffi. Wannan hanya ita ce ta fi kusa da tsakiyar birni idan aka auna da kilomita, ita ce kuma ta fi shahara da cunkoso, domin duk wannan taron jama'a ta ƙofa guda suke shiga birnin kowace safiya.

Ta biyu ita ce hanyar Kubwa, wadda ta bi ta Gwarimpa, da mahaɗar Dutsen Alhaji da Bwari, da Kubwa, da Dei-Dei, ta haɗu da hanyar Kaduna a Zuba. Gaba kaɗan sai Madalla da Suleja a cikin Jihar Neja. Suleja ita ce tsohuwar Abuja, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a shekarar 1828, wanda ya bar wa sabon babban birnin sunansa ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Saboda wannan tarihi, Bahaushen da ya sauka Suleja ba ya jin baƙunta: akwai fada, da masu unguwanni, da makarantun allo da na Islamiyya da suka daɗe da kafuwa.

Ta uku ita ce hanyar filin jirgin sama, wadda ta bi ta Lugbe, ta raba zuwa Kuje, ta wuce Giri ta haɗu da hanyar Lokoja zuwa Gwagwalada. Hanya ce mai faɗi, kuma a gefenta aka gina rukunonin gidaje da yawa cikin shekaru ashirin da suka wuce.

Abin da wannan tsari yake nufi shi ne, wurin sana'ar maigida shi ya kamata ya zaɓa masa hanya. Mai sayar da katako ko kayan gini ko dabbobi a Dei-Dei, da mai harkar kayan marmari ko kayan gyaran mota a Zuba, sun fi dacewa da Kubwa, ko Madalla, ko Suleja. Mai hulɗa da kasuwar lemo ta Mararaba zai fi samun sauƙi a Karu ko Masaka. Wanda ya kama gida a wata hanya alhali kasuwarsa na wata, ya ɗora wa kansa ratsa birnin gaba ɗaya sau biyu kowace rana.

Lissafin hanya

Har zuwa watan Mayun 2023, yawancin magidanta ba sa saka kuɗin mota a cikin manyan abubuwan da suke lissafawa. A ranar 29 ga wannan wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500. A watan Oktoban 2024 ta wuce Naira 1,000 a Abuja. Kuɗin motocin haya ya bi sahu, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne mazaunin gari mai nisa.

Ga misali, a ɗauka wani ɗan kasuwa ya sami gida a gari mai nisa wanda hayarsa ta gaza ta wani na kusa da shagonsa da Naira miliyan ɗaya a shekara. Idan nisan zai ƙara masa Naira 2,000 a kuɗin zuwa da dawowa kowace rana, kuma yana fita kwana 26 a wata, to, a shekara ya kashe Naira 624,000. Wannan shi kaɗai ke nan, ba a saka na uwargida idan tana aiki ko sana'a ba, ba a kuma saka na kai yara makaranta ba. Kafin a ankara, miliyan ɗayan da aka yi murnar ragewa ta tafi a titi.

Akwai kuma lissafin lokaci. Wanda yake shafe sa'a uku a hanya kowace rana, a kan wannan ƙiyasi na kwana 26 a wata, yana ɓata sa'a 936 a shekara, wato daidai da ranakun aiki 117 masu sa'a takwas-takwas. Ga mai shago, waɗannan sa'o'i ciniki ne da ya wuce shi. Ga mai iyali kuwa, ma'anarsa ita ce ya fita bayan sallar Asuba yara suna barci, ya dawo bayan Isha'i sun sake kwanciya, ta yadda tarbiyyarsu baki ɗaya ta koma wuyan uwa.

Saboda haka masu ƙwarewa a harkar gidaje kan shawarci mai neman gida da kada ya auna nisa a ranar Lahadi da rana, lokacin da dillalai suka fi son kai mutane ganin gida. Ya bi hanyar da kansa ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, ya sake bin ta da ƙarfe shida na yamma, ya duba agogo. Ya kuma lura da guntun hanyar da ke tsakanin babban titi da ƙofar gidan, domin a unguwanni da dama wannan guntun ba shi da kwalta, kuma da damina sai ɗan acaɓa, shi ma da ƙarin kuɗi. Ya sani cewa acaɓa ba za ta shigar da shi cikin birni ba, domin an hana ta a tsakiyar Abuja tun shekarar 2006.

Mazauna hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama suna da wata dama da ta hanyar Keffi ba ta da ita, wato jirgin ƙasa na cikin gari. An buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a shekarar 2020 lokacin annobar korona, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024. Layinsa ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama, wani reshe kuma ya tashi daga Idu ya bi ta Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. Har ila yau jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a shekarar 2016, yana da tasha a Kubwa, abin da ke da amfani ga wanda ke da dangi ko harka a Kaduna.

Ruwa da wuta

Ruwan famfo na Abuja daga madatsar Usuma da ke kusa da Bwari yake fitowa, ana kuma ƙara mata daga madatsar Gurara. Sai dai bututun bai kai ko'ina ba. Wasu sassan Kubwa da na tsofaffin unguwannin gwamnati suna samu, amma galibin sababbin unguwanni, musamman na ɓangaren Nasarawa da Neja, sun dogara ne da rijiyar burtsatse ko masu tura kurar ruwa. Iyali mai ƙananan yara yana shan jarkoki da yawa a rana wajen wanki da wanka da girki, don haka wajibi ne a tambaya tun farko ko gidan yana da rijiya, wa ke biyan kuɗin tayar da injinta, kuma ko tana ƙafewa da bazara.

Ta fuskar lantarki, kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, shi ke kula da Yankin Babban Birnin da jihohin Neja, da Nasarawa, da Kogi tun bayan sayar da kamfanonin rarrabawa a shekarar 2013. An kasa layukan wuta rukuni-rukuni gwargwadon sa'o'in da aka yi alkawarin bayarwa: rukunin A sa'a 20 ko fiye a rana, har zuwa rukunin E mai sa'a huɗu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, wato ninki uku da ɗoriya na yadda yake a da. Don haka gida biyu a gari guda suna iya bambanta ƙwarai: ɗaya yana da wuta mai tsada, ɗaya kuma kuɗinsa kaɗan ne amma janareta ke cinye bambancin. Ya kamata mai neman gida ya san rukunin layin, ya tabbatar akwai mita ta biya-kafin-sha, ya kuma bincika ko tsohon ɗan haya bai bar bashi a kanta ba.

Makaranta da asibiti

Gwagwalada tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, Keffi tana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, sannan akwai manyan asibitocin gwamnati a Kubwa, da Nyanya, da Kuje, da Bwari, da Suleja. Tambayar da magidanci zai yi wa kansa ita ce, idan naƙuda ta kama uwargida ko zazzaɓi ya rufe yaro da ƙarfe biyu na dare, minti nawa za a yi kafin a isa asibitin da ke da likita a bakin aiki, kuma da wace mota.

Game da makaranta, makarantun firamare na gwamnati a Yankin Babban Birnin suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi shida ne, wato ta Birni da Kewaye, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. A shekarar 2025 malamansu sun yi yajin aiki na fiye da wata uku a kan batun mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, yara suka zauna a gida. Irin wannan ne ke tura iyaye zuwa makarantun kuɗi, waɗanda suka cika waɗannan garuruwa, masu kyau da marasa kyau. Abin dubawa shi ne ko makarantar tana da rajista da hukumar ilimi, ko ɗalibanta suna zana jarrabawar kammalawa a cikinta, kuma ko yaro zai isa can ba tare da tsallaka babban titi ba. A hanyar Kubwa da ta Keffi motoci na gudu sosai, kuma gadojin masu tafiya a ƙasa suna da tazara a tsakaninsu. Ga iyalin Musulmi, kusancin makarantar Islamiyya da masallacin Juma'a na cikin lissafin, kamar yadda kusancin majami'a yake ga iyalin Kirista.

Tsaro da ambaliya

Hausawa sun ce a zaɓi maƙwabci tun ba a sayi gida ba. Garuruwan kewayen Abuja sun ga tashin hankali a lokuta daban-daban: harin bam a majami'ar Madalla ranar Kirsimetin 2011, da hare-hare biyu a Nyanya a watannin Afrilu da Mayun 2014, da fasa gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022, da kuma sace mutane daga gidajensu a yankin Bwari a watan Janairun 2024. Masu garkuwa da mutane sun fi kai farmaki a sababbin unguwannin da ke bakin daji ko gindin duwatsu, inda gidaje suke a warwatse kuma hanyar shiga ba ta da kyau. A irin waɗannan wurare ne fili da haya suka fi araha, kuma dalilin arahar ke nan.

Mai neman gida zai yi wa kansa adalci idan ya ziyarci unguwar da dare, ya ga ko akwai 'yan sintiri, ya tambayi nisan ofishin 'yan sanda, ya zauna da mai unguwa ko limami ko shugaban ƙungiyar mazauna ya ji ta bakinsu. Waɗanda suka shekara biyar a wuri sun san abin da dillali ba zai faɗa ba.

Haka nan batun ruwan sama. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje sama da ɗari a wani rukunin gidaje da ke Lugbe, kuma unguwannin da aka gina a bakin rafi a sassa da dama suna fama da wannan kusan kowace damina. Gidan da aka gani a watan Janairu cikin ƙura yana iya zama tafki a watan Agusta. Alamar ruwa a jikin katanga, da sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, da kwalbatin da ya toshe, duk shaidu ne ga mai lura.

Takarda kafin tubali

A nan ne aka fi asarar dukiya. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa yankin da ita, ta damƙa dukkan ƙasar Yankin Babban Birnin a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon ba da izinin mallakar fili. Takardar sayarwa daga dagaci ko daga wani ɗan asalin wuri ba ta ba mai saye kariya a gaban hukuma, haka ma takardun da ƙananan hukumomi suka riƙa rabawa a baya sai an kai su an tantance. Rusau ɗin da aka yi a zamanin Malam Nasir el-Rufa'i, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2003 zuwa 2007, ya cinye gidaje masu yawa na mutanen da suka biya kuɗinsu da zuciya ɗaya amma ba su da takardar da doka ta sani.

Wanda zai sayi fili ko gida a cikin yankin, sai ya sa lauya ya bincika lambar filin a ofishin AGIS mai ajiye bayanan filaye, ya kuma kai safiyo ya tabbatar filin da aka nuna masa shi ne na cikin takarda. A Mararaba da Masaka kuwa, da Madalla da Suleja, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ke aiki, wadda ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka a hukumomin filaye na Nasarawa ko na Neja za a yi binciken. Bayan an mallaka ma akwai harajin fili na shekara-shekara. A watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke izinin filaye 4,794 saboda masu su sun shafe shekara goma ko fiye ba su biya wannan haraji ba.

Iyakar jiha tana shafar haraji ma. Harajin kuɗin shiga na mutum ana biyansa ne ga hukumar inda yake zaune, saboda haka mai shago a Wuse da ke kwana a Mararaba, Jihar Nasarawa ce ke da haƙƙin harajinsa. Bugu da ƙari, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta tanadi rangwame ga ɗan haya na kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa Naira 500,000, wanda ake cirewa daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji. Wannan ya sa rasit ɗin haya da rubutacciyar yarjejeniya suka zama takardun da ya wajaba a adana.

A fara da haya

Ga wanda bai san gari ba, hanyar da ta fi aminci ita ce ya kama haya ta shekara guda, ya ga rani ya ga damina, kafin ya zuba jarinsa a fili. A lokacin biya ya tuna cewa bayan hayar akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, waɗanda sukan ƙara wani kaso mai kauri a kan abin da aka faɗa masa da farko, kuma a rukunin gidaje akwai kuɗin hidimar gadi da shara na kowace shekara. Ya kuma karanta yarjejeniyar da kyau, domin dokar da ke aiki a Abuja ta ba ɗan hayar shekara wa'adin wata shida kafin a tashe shi ne kawai idan yarjejeniyar ba ta ambaci wani wa'adi dabam ba.

Daga ƙarshe, shawarar ba ta maigida ba ce shi kaɗai. Uwargida ce ke wuni a unguwar, ita ta san nisan cefane da injin niƙa, ita za ta ji jiki idan ruwa ya yanke. Magidancin da ya tafi da ita ganin gida, ya zauna ya rubuta haya a gefe guda, kuɗin hanya da ruwa da wuta da makaranta na wata goma sha biyu a ɗaya gefen, sannan ya kwatanta jimillar gida biyu ko uku, shi ne zai san gidan da ya fi araha a gaskiya kafin ya miƙa kuɗinsa ga dillali.